Hoton ranar miƙa makamai

Jiya da daddare na tarar da ɗan ƙanwata a tsakar gida yana haɗa rahoto kan shirin da 'yan sanda ke yi na janye yara daga daba maimakon kai su kotu. Na leƙa wayarsa. Adduna da barandami jibge a kan tebur, yara cikin fararen riguna suna murmushi. A ƙasa ya rubuta cewa shiri ya yi nasara. Gabana ya faɗi, don ni ma na taɓa rubuta haka.

Shekarun baya ina aiki da wata ƙungiya, muka haɗa kai da wani caji ofis. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ba ɗan sanda damar sasanta ƙaramin laifin yaro ba tare da shari'a ba, da ita muka dogara. Ɗinki da gyaran waya muke koya musu. Ni ke zaɓen yaran, sai na riƙa ɗaukar masu sauƙin kai, waɗanda iyayensu ke rako su. To wa zai ɗauko mai taurin kai alhali masu ba da kuɗi na jiran rahoto ƙarshen wata? Da wannan nake lallashin kaina har yau. Amma na sani, yawancinsu ko babu mu za su shiryu. Masu zuwa aji na ƙirga, ban taɓa bin kowa gida ba. Sai ranar da na ci karo da ɗayansu a harabar kotu, ankwa a hannu. Ya ce, "Malam, ina wuni," ya sunkuyar da kai. Hotonsa ne a bangon rahotona.

A Amurka, shekarun 1970, an riƙa kai yara gidan yarin Rahway fursunoni su tsorata su. Kowa ya yaba. Da aka kwatanta su da waɗanda ba a kai ba, waɗanda aka kai ne suka fi aikata laifi daga baya.

Na yi niyyar yi wa ɗan ƙanwar tawa dogon bayani, amma yaran yanzu minti biyu ido ya koma kan waya. Na ce ya nemi yaran bayan shekara guda, ya kwatanta su da irinsu da ba su shiga ba. Ya ƙirga komai. Amma kada ya yarda da ƙidaya ita kaɗai, don wanda ba a sake kamawa ba wataƙila unguwa ya canja. Ya tambayi mai unguwa, ya tambayi uwar yaron.

Ya ce, "Kawu, Litinin zan miƙa fa." Na ce ya kawo jerin unguwannin, gobe bayan sallar asuba mu fara da mafi kusa.