Na haɗa wa shago AI a Telegram, ashe ƙofa a buɗe na bari

Jama'a ku yi haƙuri kwana biyu shiru, kasuwa ce ta riƙe ni, ga kuma wani aiki da na jajibo wa kaina.

Wanda ya san ni ya san caja da iyafis da kabar waya nake sayarwa a Adum nan Kumasi, kuma littafin bashina ya fi na ciniki kauri. To sai na ce bari in ɗora mataimaki na AI a tsohuwar laftop ɗina da ke gida Aboabo, ina shago in riƙa yi masa magana ta Telegram, wane ya ɗauki kwali biyu, wane ya turo MoMo, wato kuɗi ta waya, shi kuma ya rubuta ya riƙa tuna min.

Buɗe bot ɗin, wato akawun na Telegram da AI ɗin zai riƙa amsawa ta cikinsa, ba wani aiki ba ne. Ka nemi BotFather, bot ɗin Telegram da ke buɗe wa mutane bot, ka tura /newbot, ya tambaye ka suna, sannan yuzanem wanda dole ya ƙare da bot, shi kenan sai ya miƙo maka tokin, wato mabuɗin sirrin bot ɗin, wasu lambobi da ɗigo biyu da dogon jerin haruffa. Kafin ataya zagayen farko ya dahu na gama. Na liƙa tokin a kod ɗin, na rubuta wa AI ɗin umarni da manyan baƙaƙe cewa kar ya gaya wa kowa lissafin shago sai ni, na kwanta ina jin kaina injiniya.

Ran Juma'a ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a jami'ar KNUST ya zo cin tuwo, ina ta cika masa baki, sai ya ce Kawu mene ne sunan bot ɗin? Na faɗa. Ya ɗauko wayarsa, tasa fa ba tawa ba, ya rubuta masa wai shi ne mai shagon ya canja waya, a turo sunan wanda ake bi bashi mafi yawa. Wallahi ina kallo abin nan ya kawo sunan wani Alhaji abokin babana da yawan sidi ɗin da nake bin sa, har da ranar da ya ɗauki kayan. Loma ta tsaya min a wuya.

Na ce ai na hana shi! Yaron ya yi dariya ya ce Kawu ka bar shago a buɗe ne ka ce wa kaya kar su bi baƙo. Bot na Telegram kowa ya san sunansa zai iya danna masa start, kuma AI magana yake bi, wanda ya iya tsara zance zai lallaɓa shi, saboda haka ba shi ne zai yi gadin kansa ba. Gadin a kod ake sa shi tun kafin saƙo ya isa wurin AI ɗin. Kowane akawun na Telegram yana da lambar ID tasa, sai muka sa tawa kaɗai a jerin waɗanda aka yarda, saƙon da ya zo daga wata lamba a watsar da shi ba ko amsa. Na so mu sa yuzanem tunda ya fi sauƙin riƙewa ya ce a'a, yuzanem ana canjawa kuma in ka saki naka wani zai iya ɗauka, lambar ce ba ta canjawa. Banda tonon asiri ma kowane saƙo da ya kai ga AI ɗin kuɗi ne, da dala kuma, shi ya sa muka je akawun ɗina na kamfanin AI ɗin muka sa iyakar abin da za a iya kashewa a wata.

Abin kunyar bai ƙare ba. Ya tambaye ni ko na taɓa nuna wa wani tokin na ce haba, sai na tuna sikirinshot ɗin da na tura gurup ɗin 'yan ataya na WhatsApp don in burge su, tokin na nan ɓaro-ɓaro a ciki. Wanda ke riƙe da tokin shi ne bot ɗin, zai karɓi saƙonnin da nake turawa kuma ya amsa min da sunansa, jerin ID ɗinmu ba ruwansa. Nan take muka tura /revoke ga BotFather, tsohon ya mutu aka ba mu sabo, muka cire shi daga kod muka sa a fayil ɗin .env da ake ajiye sirri a ciki, muka rubuta sunan fayil ɗin a .gitignore don kar wata rana ya bi kod ya hau GitHub, shafin da ake ɗora kod a intanet. Da /setjoingroups muka hana a jefa bot ɗin gurup. Na kuma sa faswod na biyu a Telegram ɗina, don wanda ya kama akawun ɗina ya kama BotFather ɗina.

Folda ɗaya tak muka bar wa AI ɗin a laftop, ta lissafi. Ni dai ba na tura masa PIN na MoMo ko hoton Ghana Card, hira da bot ba irin sikiret cat ba ce, tana zaune a sabar Telegram. In dumsor ya zo, wato an ɗauke wuta, laftop ta mutu kuwa saƙonni suna jiran sa har awa 24, wuta na dawowa ya kwashe.

Da muka gama yaron ya sake gwadawa da wayarsa, shiru kamar an shuka dusa. Sai ya ce to Kawu sa lambata mana in riƙa taya ka dubawa. Na ce kai da sunanka ke shafi na uku na littafin bashi, fawabank tun kafin azumi? Kawo kuɗin tukuna.