Waɗanda ba su kai suna ba

Shekarun baya aka ba ni aikin tattara lissafin mace-macen masu haihuwa da jarirai a wasu unguwannin Jos ta Arewa. Ni ungozomar asibiti ce, na ɗauka abin ba wuya: in bi ƙananan asibitoci, in buɗe rajista, in kwafe. Sati biyu na yi ina kwafa, na fito da adadi ɗan kaɗan, har ina murna.

Wata tsohuwa a Gangare, wadda ta daɗe tana karɓar haihuwa a gida, ita ta rushe min lissafin. Na ce, "Inna, bana jarirai nawa suka rasu a hannunki?" Ta ce babu ko ɗaya. Hira ta yi nisa, sai ga ta tana faɗa min cewa matar maƙwabcinta ta sauka, yaron ya koma bayan kwana uku, wata kuma nata bai zo da rai ba. Na ce, "To Inna, ai kin ce babu." Ta dube ni sheƙeƙe. "'Yar nan, ai ba a yi suna ba. Wa zan ce miki ya rasu?"

Abin da mu ma'aikatan lafiya ke ƙirgawa a wannan babi shi ne ɗan da aka haifa ba rai bayan ciki ya kai wata bakwai, da wanda ya rasu a cikin kwana bakwai na farko. Wato daidai kwanakin da ake jiran suna. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce irin wannan rashi ya kai 49 a kowane ciki 1,000, mata kuma 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000.

Da na koma kan rahoton da idon basira, sai bambancin yankuna ya tsaya min a rai. Cikin yara 1,000, waɗanda ba sa kai shekara biyar 187 ne a Arewa maso Yamma, 134 a Arewa maso Gabas, 95 a nan Arewa ta Tsakiya, 62 a Kudu maso Yamma. Kebbi 252, Ogun 30, kuma ƙasa ɗaya ce. A lokacin, a Arewa maso Yamma mace 16 kacal cikin 100 ke haihuwa a asibiti, a Kudu maso Gabas sun haura 80. Ke nan inda aka fi rashi, nan rajistar asibiti ta fi zama wayam. Masu binciken ma gida-gida suka bi, kuma don gano mutuwar iyaye mata, tambayar mace suke yi game da yayyenta da ƙannenta.

Sai na canza tambaya. Na daina cewa wa ya rasu. Nakan ce, ciki nawa kika yi, nawa kika haifa, nawa ke raye? Nan baki ke buɗewa. Na ji labarin zubar jini bayan mabiyiya ta ƙi fita, na ji na jijjiga da aka ɗauka iska ce aka tsaya hayaƙi, alhali allurar maganinta na nan a asibiti. Mai cikin fari takan ɓoye naƙuda don kunya. Wata jiran maigida take ya dawo ya ba da izini, wata kuma dare ne ya yi, ga dokar hana fita, wadda mu mutanen Jos mun san ta sarai, babu Keke Napep a titi.

Kafin in gama na kai wa Inna littafi da biro. Ba ta boko, don haka muka yi yarjejeniya: dogon layi ga wanda aka raɗa wa suna, gajere ga wanda bai kai ba. Bayan wata uku na koma. Ta miƙo min littafin ba ta ce komai ba, ta shiga ɗaki ɗauko min ruwa.