Kalmar "charge" da ta kusa cinye gidan kawuna

Kusan kowane Bahaushe yana ganin ya san kalmar Turancin nan "charge", domin mun daɗe da aro ta: muna cajin waya, bakanike yana cajinmu kuɗin gyara, kuma tun zamanin Turawan mulki ake kai wanda ake zargi caji ofis, inda 'yan sanda ke rubuta tuhuma. Wannan sabo da kalmar ne ya kusa jefa kawuna cikin rami lokacin da ya nemi rancen banki don faɗaɗa sana'arsa ta hatsi.

Yaron shagonsa ne ya fara karanta masa takardar yarjejeniyar, da ya iso inda aka rubuta "a charge on the property" sai ya ce ai ɗan kuɗi ne da za a caje shi na duba gidan. Da aka kawo mini ita in mayar da ita Hausa, abin da ya tsayar da ni shi ne babu adadi ko na kwabo a layin. Kuɗin aiki yakan zo da "for" da kuma lamba, wannan kuwa "on" ce ta biyo ta, sai kadara. A bakin lauyoyi wannan jingina ce, wato in aka gaza biyan bashin, banki yana da ikon neman a sayar da gidan.

Na ce, "Kawu, gidanka za ka jinginar." Ya ajiye biron, ya ce, "Ɗana, gidan da iyalina ke ciki?"

Asalin kalmar daga Latin ne, ta bi ta Faransanci, kuma ma'anarta ta farko ita ce ɗora wa amalanke kaya. Shi ya sa ake ɗora wa batir wuta, a ɗora wa mutum laifi ko nauyin kula da wuri, a kuma ɗora wa gida bashi. Amma sanin asali ba ya gaya wa mai fassara wane kaya aka ɗora, ƙananan kalmomin da ke kewaye da ita ne ke faɗa. "Charged with" a kotu tuhuma ce, "in charge of" shi ne mai kula, alhali "in the charge of" shi ne wanda ake kula da shi. Tun ranar nan ba na fassara ta sai na duba maƙwabtanta.

Har yanzu abin da ke ci mini rai shi ne ma'aikacin bankin, wanda Hausa yake ji sarai, ya zauna da dattijon nan ya nuna masa wurin sa hannu, amma bai furta kalmar jingina ba ko sau ɗaya. Kawu ya fasa rancen, ya nemi abokin haɗin jari a kasuwa.