Gidan abincin Gwaggo da ranar Garwa

Tun gasar cin kofin Afirka ta farkon 2022, lokacin da Najeriya ta buga wasanninta a filin Rumde Ajiya na Garwa da ke arewacin Kamaru, wani yayi ya shigo garin ya ƙi fita. Duk mai buɗe gidan abinci sai ya sa an yi masa gaban gilashi tun daga ƙasa har sama, da tayil mai ƙyalli, da fararen ƙwayaye reras a silin, da furen roba a lungu. A hoto abin gwanin sha'awa. Amma ka shiga da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga shi an ɗauke wuta. Tanderu ne kawai aka zuba wa kujeru.

Ƙanwar babana ta daɗe tana sayar da gasasshen kifi da tuwon dawa a rumfar kwano. Da Allah ya hore mata fili, sai ta kira ni, tunda aikin ƙawata gidaje shi ne sana'ata. Ta miƙo mini wayarta cike da hotunan gidajen abinci na Turai.

"Irin wannan nake so, ɗana. Haske ko'ina."

"Gwaggo, Allah ya ƙara miki lafiya, waɗannan mutanen roƙon rana suke yi. Mu kuwa gudunta muke."

Ba ta ji daɗi ba, amma ta ce in yi yadda na gani, in ya ɓaci ni da ita ne.

Abin da na fara hanawa shi ne sare darbejiyar da ke tsakiyar filin, wadda birkila ya riga ya sa wa alama. Duk wanda ya taɓa tafiya a titunan Marwa ya san abin da bishiyar nan ke yi wa gari. Hasken da ke ratsowa ta ganyenta shi nake so a ɗakin: ɗigo-ɗigo, yana motsi, ba ya sa mutum runtse ido. Sai muka ja ginin ya kewaye ta ta ɓangare biyu, ta zama tsakar gida.

Daga nan sai maganar tagogi, kuma a nan aikin yake. Garwa ba ta da nisa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, digiri 9 ne da 'yan kai, don haka da tsakar rana rana tana kusan bisa kai. Da hunturu takan karkata kudu, wajen watan Yuni ta ɗan leƙa arewa. Ke nan tagar da ke kallon kudu ko arewa, in ka tsawaita mata bakin rufi, za ta sha haske ba tare da rana ta taɓa ta ba. Gabas da yamma su ne masu wuya, domin da hantsi da la'asar rana kan sauko ta shigo kai tsaye har kan faranti. Gabas kuma tana da nata ƙarin: daga can hadari ke tasowa da damina, ƙurar hunturu ma daga arewa maso gabas take zuwa, tun daga kwarin Bodele na Cadi. Bangon gabas dai muka toshe shi, muka jingina madafi da ɗakin ajiya a jikinsa. Manyan tagogi suka koma kudu, wajen darbejiya.

Bangon yamma shi na fi ƙauna. Dabarar ba tawa ba ce. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya ci kyautar Pritzker ta masu zanen gine-gine a 2022, ya taɓa sa a yanke tukwanen ƙasa a dasa su cikin rufin ɗakin karatu a ƙauyensu Gando, haske na zubowa ta cikinsu. Mu ba mu da kuɗin zuba rufin kankare, sai na mayar da abin jikin bango. Na je wurin mata masu ginin tukwane na ce a yi mini tuluna marasa gindi. Babbarsu ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Yaro, tulun da ba gindi me za ka zuba a ciki?" Na ce rana, Inna. Ta yi dariya har da tafi, amma ta yi su, kuma ta gasa su da kyau.

Mun jera su can sama da tsayin mutum, bakin yana waje, cikin yana buɗe wa ɗaki, kowanne da ragar hana ƙuda. Bayan la'asar sai ka ga da'irori ja-ja sun sauka a bangon da ke fuskantarsu, suna hawa a hankali yayin da rana ke sauka. Jikin tulun ne ke rina hasken. Kuma iska mai zafi da ta taru a sama ta nan take fita, dabarar da ƙabilar Musgum na wajen garin Pus suka daɗe da sani, su da ke barin kafa a ƙololuwar dogayen ɗakunansu na laka.

Fenti ba fari ba, don farin bango a garin nan ido yake kashewa. Na ɗebo yashin bakin Binuwai a leda na kai wa mai haɗa fenti, na ce wannan launin. Ƙasa siminti ne da aka cuɗa da jan kala aka goge, ba santsi, ba ƙyalli. Ƙarƙashin kwano mun shimfiɗa zana a kan azarar giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba, muka bar tazara tsakaninsu don iska ta wuce. Zana tana da aibinta: tana riƙe ƙura, kuma ba ta shiri da wuta, shi ya sa madafi rufinsa daban, wayoyin lantarki kuma duk cikin bututu suke.

Furen roba kam na rantse ba zai shigo ba. Lalle muka dasa a matsayin shinge, ɗoɗɗoya da na'a-na'a a tsofaffin randuna kusa da wurin wanke hannu, inda ruwa ke zuba dama. Mai shayi yana tsinka daga nan.

Da dare wani aikin ne. Ku riƙa duba kwalin ƙwan lantarki kafin ku saya, akwai lamba da harafin K. Mai 6500 shi ne farin nan fat da ke sa giwan ruwa da aka gasa ya fito kamar bai ji wuta ba. Mai 2700 ko 3000 ruwan zuma ne, mai da yaji suna sheƙi a ƙarƙashinsa. Su na saka cikin ƙoren da Fulani suka yi wa zane, na huda su, na rataye kowacce daidai kan teburi, ƙasa-ƙasa, yadda hasken zai tsaya kan abinci ya bar fuskar mai ci ta huta. Akwai dakali mai darduma ga masu son zaman ƙasa, da ɓangaren iyali da muka kare da asabari.

Wuri ɗaya Gwaggo ta kayar da ni. Na so a bar bangon da da'irorin nan ke sauka fayau, ba komai a jikinsa. Ta ce samari ba za su zo cin kifi ranar da ƙungiyar ƙwallon Garwa, Coton Sport, ke wasa ba in babu talabijin, kuma ba da'ira ce za ta biya kuɗin gawayi ba. Yanzu haka akwatin yana nan maƙale a tsakiyar bangon, inci 55, kuma ranar wasa sai an ƙaro benci daga maƙwabta.