Roba-robar da na raina ita na saya

Na kai shekara talatin da huɗu ban taɓa tuƙa babur ba. Keke kawai na iya, shi ma tun ina firamare. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ne ya tura ni. Kullum daga Hotoro nake zuwa Kantin Kwari, kuma tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, Adaidaita Sahu ce ƙafarmu. Da na lissafa abin da nake biya a wata, sai na ga kamar su nake yi wa neman kuɗi.

Boxer raina yake so, wato na kamfanin Bajaj na Indiya. Yana da juriya, yana ɗaukar kaya, kuma in mutum ya hau shi ya hau babur na maza. Wani maƙwabcina a kasuwa ya ara mini nasa ranar Lahadi muka tafi filin ƙwallon unguwa. Ya ce in riƙe kulochi, in saka giya, in riƙa saki a hankali ina jan totur. Sau biyar yana mutuwa a hannuna. A na shida na ja totur da ƙarfi na saki kulochin gaba ɗaya, babur ya zabura, ni da shi muka kwanta. Salansa ta manne mini a ƙwauri. Tabon yana nan har yau.

Da na ba kawuna labari, sai da ya gama dariyarsa tukuna. Shekaru ya yi yana acaɓa kafin a hana. Ya kai ni wajen bakanikensa, ya sa na hau babura uku da ke ajiye, a kowanne yana cewa in sauke ƙafa biyu. A kan Boxer da ƙyar yatsuna ke taɓa ƙasa, don ba ni da tsayi. A kan wata roba-roba kuwa tafin ƙafata ya zauna daram.

"Ka ga naka nan," in ji shi.

Na ce, "Haba Kawu, wannan ai na mata ne da malaman makaranta."

Ya ce, "To malaman makarantar ka taɓa ganin salansa ta ƙone su?"

Sai daga baya na gane abin da ya hango. Roba-roba ba ta da kulochin hannu, ka sassauta totur ka taka giya, shi ke nan. Hankalin da mai koyo zai kashe a kan hannun hagu sai ya koma kan titi, kuma a titin Kano, tsakanin Adaidaita da mai kura, ba ka da hankalin da za ka raba biyu. Ba ta da nauyi, in ta karkata ƙafa ɗaya ta tare ta. Injinta 110 ne, irin kwantaccen nan da kamfanonin Sin suka kwaikwaya daga Honda, shi ya sa kowane bakanike ya san cikinsa, kayan gyaransa ma ba sai ka sha yawo ba. Tana da nata aibin. Robobin jikinta ba sa jure faɗuwa, cikinta na kusa da ƙasa, kuma wanda zai riƙa ɗaukar buhu zuwa ƙauye kada ma ya kalle ta.

Kawu ya hana ni sayen sabo. Ya ce faɗuwa biyu ko uku tana gabana, gara na yi ta a kan na hannu.

Na farko da wani dillali ya nuna mana ya sha wanki yana ta ƙyalli, bugu ɗaya ya tashi. Ni har na fara taya shi a zuci. Kawu bai ce komai ba, ya ɗora bayan hannunsa a kan inji, ya ji shi da ɗumi. Ya ce gobe da sassafe za mu dawo, kada kowa ya taɓa shi. Washegari sai da aka yi kik ya fi goma, da ya tashi kuma ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, alamar yana shan baƙin mai. Dillalin ya ce sanyi ne. A watan Yuni.

Na biyun duk jikinsa ƙarje-ƙarje ne, amma a sanyi ya tashi, babu hayaƙi. Kawu ya tsuguna ya duba haƙoran sufaket ko sun yi tsini, ya ja cen, ya juya ƙafar gaba ya ga ko ta lanƙwashe. Sannan ya sa ni, ni da kaina, na karanta lambar inji da ta shasi yana duba rasit harafi bayan harafi. Babur na sata ya yi yawa, kuma a hannun wanda aka gan shi shi za a fara riƙewa. Aka rubuta takardar ciniki, shaidu biyu suka sa hannu, na biya la'ada.

Kuskuren da na yi shi ne na zuba duk kuɗina a kan babur ɗin. Na manta da hular kwano, da canjin suna a takardu, da lasisi, wanda na babur rukunin A ne, ga juyen baƙin mai da sabon filogi. Sai da na ci bashi.

Faɗuwar da Kawu ya yi mini alkawari ta zo a mako na biyu, a layinmu, cikin rairayi. Akuya ta gitta na damƙe birkin gaba. Robar gefe ta tsage, ni kuwa na tashi na karkaɗe jiki. Ranar wata Juma'a kuma bakin babbar rigata ya shiga ƙafar baya, Allah Ya sa a hankali nake tafiya. Tun daga ranar sai na tattare riga na zauna a kanta kafin in tayar.

Yanzu na iya kulochi, a Boxer ɗin maƙwabcina na koya bayan wata shida. Kwanaki ya ce zai sayar, in ina so ya yi mini sauƙi. Na hau na sauke ƙafa, yatsun ne dai har yanzu. Na miƙa masa makullinsa.