Hausa a aji huɗu: yadda nake raba minti 35 tsakanin harsuna biyu

Aji huɗu na firamare shi ne inda matsalar harshen koyarwa take fashewa. Manufar ilimi ta ƙasa, a bugun 2004, ta ce a koyar da yaro da harshen yankinsa shekara uku na farko, daga shekara ta huɗu Turanci ya fara karɓar ragama sannu a hankali. A Nuwamba 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya sanar da cewa harshen uwa zai riƙe shekara shida cur, a Nuwamba 2025 kuma wani ministan ilimin, Tunji Alausa, ya ce an soke wannan, a koma Turanci. Ko Amurka haka ta yi ta kai-komo a kan 'ya'yan masu jin Sifaniyanci: jihar Kaliforniya ta kusa rufe azuzuwan harshe biyu da ƙuri'ar 1998, ta sake buɗe su da ta 2016. Duk wannan a takarda ne. A gabana dai yara saba'in da 'yan kai ne, littafin lissafinsu da Turanci, jarabawarsu da Turanci, mafi yawansu kuma ba sa iya haɗa jimla guda da shi.

Da dokar hana banakula na soma, wadda na tarar: monita ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa. Aji ya yi tsit, sai amshi idan na tambaya ko an gane. Ranar gwaji takardu suka nuna ba a gane komai ba. Sai na koma ɗaya ɓangaren, ina faɗin jimla da Turanci in fassara ta nan take. Wannan ya fi na farko ɓarna, don ya fi wuyar ganewa. Darasi yana tafiya sumul, yara suna amsawa, amma cikin mako biyu sun gane cewa Hausar tana tafe, sai su toshe kunne su jira ta. Turancina ya zama kamar ƙarar fanka.

Abin da ya yi aiki shi ne ba kowane harshe lokacinsa, ba tare da cakuɗawa ba.

Minti biyar na farko Hausa ce zalla, da abu a hannu. Idan darasin ɗebewa mai aro ne, kamar 52 a cire 27, nakan zo da tsinken tsintsiya an ɗaure goma-goma da roba. Ɗauri biyar da tsinke biyu a kan tebur. "To, Hadiza, cire mini bakwai daga biyun nan." Sai ta ce ba za su ciru ba, Malam. "Yaya za a yi ke nan?" Wani daga baya zai ce a kwance ɗauri ɗaya. Shi ke nan, ma'anar aro ta zauna kafin a taɓa alli.

Minti goma sha biyar na gaba Turanci ne kaɗai daga bakina. Ko sun yi zuru ba na fassarawa. Ina maimaita aikin tsinken, ina nunawa, ina rubutawa. Sabbin kalmomi ba sa wuce biyar a darasi guda. Na gwada takwas, washegari biyu kawai suka rage a kawunansu. A gefen allo na ja layi na dindindin, kalmar Turanci a hagu, Hausarta a dama, ba a gogewa sai Juma'a.

Minti goma kuma aikin benci ne, mutum uku ko huɗu, su yi magana da harshen da suka ga dama. Sharaɗi ɗaya ne: amsa ta fito a rubuce da Turanci, kuma ni zan zaɓi wanda zai karanta ta. Idan aka bar su su zaɓa, yaro ɗaya ne zai riƙa tashi har ƙarshen zango. Minti biyar na ƙarshe na wannan karatun ne. Minti goman nan kuwa kada a ƙara ko ɗaya, don daga nan hira ke komawa kan ƙwallo.

A nan benci na gano cewa yawancin abin da muke kira rashin iya lissafi, rashin jin tambaya ne. Kalmar "difference" ta ci yara da yawa. An koya musu tana nufin bambanci, sai ka tambayi bambancin 9 da 4, yaro ya ce ɗaya babba ɗaya ƙarami, kuma bai yi ƙarya ba. "Left" suka san ta da hagu, ga ta a tambaya tana nufin saura. Irin waɗannan nakan ware musu rana guda. Haka kashi ɗaya bisa takwas, da kowa ke rantsuwa ya fi ɗaya bisa huɗu tunda takwas ta fi huɗu. Tambaya ɗaya da Hausa ta warware shi: gurasa guda, a raba wa mutum huɗu ko a raba wa mutum takwas, a wane rabon kake so ka shiga?

Kuskuren da na daɗe ban lura da shi ba ya shafi yara shida 'yan ruga. Na ɗauka na ba kowa harshen gidansu, alhali su Fulatanci suke yi a gida, Hausar ma koyonta suke. Na warwatsa su cikin aji don su saje, sai suka ƙara yin shiru. Da na haɗa su benci biyu tare da wata yarinya mai jin harsunan biyu, bakinsu ya buɗe. Ba na jin Fulatanci, amma na sa suka koya mini ƙirga ɗaya zuwa goma, go'o, ɗiɗi, tati, muka ƙara layi na uku a gefen allo.

Iyaye kan zo da ƙorafi, kuma suna da hujja. Wani dattijo ya ce mini, "Malam, Hausa ai da ita ya zo daga gida, Turanci muka kawo shi nema." Ban kawo masa labarin gwajin Ife na 1970 ba, inda Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka koyar da yara da Yarabanci shekara shida Turancinsu bai lalace ba. Na ce, "Baba, bari a kira shi." Yaron ya karanta tambaya da Turanci, ya bayyana wa mahaifinsa ita da Hausa, ya warware ta a allo.

Rabon lokacin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A zango na biyu nakan mayar da Hausar farko minti uku. A zango na uku sai ranar sabon batu kawai nake buɗewa da ita, amma maganar benci ba na taɓa ta har ƙarshen shekara.