Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Alawus ɗin Ɗiyar Ƙanina

Makon jiya mun tsaya a inda ɗiyar ƙanina ta kammala digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, ta dawo Daura tana jiran fitar sunanta cikin masu tafiya bautar ƙasa. Yau labarin ba zai yi gudu ba, don akwai abubuwan da ya kamata duk mai ɗiya a makaranta ya sani tun kafin lokaci ya ƙure masa.

Ubanta, wanda a da ya so a tsayar da karatun daga sakandare, shi ne ya fara tambaya: "Yaya, wai da gaske gwamnati za ta riƙa ba yarinyar nan dubu saba'in da bakwai duk wata?" Da gaske ne. Tun da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar bautar ƙasa, wato NYSC, a 1973, bayan yaƙin basasa, gwamnatin tarayya ke biyan 'yan bautar ƙasa alawus, kuma kuɗin yana bin mafi ƙarancin albashi ne. A 2011 da albashin ya koma naira 18,000, alawus ya zama 19,800. Da aka kai shi 30,000, alawus ya koma 33,000 daga Janairun 2020. A Yulin 2024 aka mai da albashin 70,000, alawus ya zama 77,000, ko da yake sai a Maris na 2025 sabon kuɗin ya fara shiga asusun yara. In ka lura, kowane karo kashi goma cikin ɗari ake ɗorawa a kai. Mace da namiji kuɗinsu ɗaya. A wata 12 ya kama naira 924,000, kuma ga yawancin 'ya'yanmu mata shi ne kuɗi na farko da ke shiga hannunsu da sunansu, ba ta hannun uba ko miji ba.

Sai dai ba kowace mai takarda ke samunsa ba. Bautar ƙasa ta mai digiri ce ko mai babbar difloma ta HND, wadda ta yi karatun cikakken lokaci, ta kuma gama ba ta wuce shekara 30 ba. Mai NCE, wato takardar shaidar malanta, ba ta zuwa, mai ƙaramar difloma ma haka. NCE hanya ce mai kyau, malamai mata da yawa ta nan suka fito, amma a shiga da sanin cewa sai ta ɗora digiri a kai, inda JAMB ke ba ta damar farawa daga aji biyu na jami'a. Maganar shekaru kuwa ita ta fi cin mata. Yarinyar da aka cire daga aji biyar na sakandare, ta yi aure, ta yi haihuwa uku sannan ta koma, sau da yawa talatin ta cim mata kafin ta gama. Za a ba ta takardar yafewa, wadda ke amfani wurin neman aiki, amma babu alawus ko sisi. Shi ya sa nake cewa in auren ya zo a yi shi, amma a sa sharaɗin ci gaba da karatu tun ranar tambaya, a gaban waliyyai, kada a bari sai an kai amarya.

Abu na biyu shi ne suna da ranar haihuwa, kuma nan ne aka fi yin kuka. A gida ana kiran yarinya Indo, a firamare an rubuta Aishatu, a WAEC Aisha, a katin NIN kuma an ƙara Daura a ƙarshe. Wani wurin sunan uba ne, wani wurin na kaka. Ranar haihuwa kuwa mai shagon kwamfuta ne ya ƙirƙiro ta ranar rajistar jarrabawa, don babu wanda ya je da takardar haihuwa. Duk wannan ba ya tashi sai ranar rajistar bautar ƙasa, lokacin da kwamfuta ta ga bayanai sun saɓa ta ƙi wucewa. Maganinsa tun daga aji uku na ƙaramar sakandare ne: a zaɓi rubutu ɗaya, jeri ɗaya, rana ɗaya, a rubuta a ajiye, kowace rajista a kwafa daga nan, har da BVN na banki. Haka kuma tun tana aji ɗaya a jami'a ta duba ko sunanta yana cikin jerin ɗaliban da JAMB ta tabbatar da shigarsu. Wadda babu sunanta a nan ba za a kira ta ba, ko da jami'a ta tura sunanta cikin waɗanda suka gama.

Ita ɗiyar tamu takardunta sun daidaita. Ta je da kanta ta yi rajista ta intanet ta dangwala yatsa, domin ba a aika wani ya dangwala maka, yatsan nan shi za a riƙa nema har ƙarshen shekara. Takardar kira ta fito da Jihar Jigawa. Ta haɗa takardar sakamako, katin shaidar makaranta, takardar lafiya daga asibitin gwamnati, ƙananan hotuna, da kwafin kowanne da yawa. Ta ƙara fararen riguna da farin takalmi da fararen hijabai, saboda kayan da ake rabawa ba lallai su yi daidai da jiki ba. Zaman sansani mako uku ne, irin wanda baƙinmu ke yi a sansanin hanyar Mani a Katsina.

Ga masu cewa ba za su bar matar aure ta tafi wata uwa duniya ba, hukumar ta yi tanadi. Matar aure tana iya neman a bar ta a jihar da mijinta yake zaune, in ta kawo takardar aure, shaidar canjin suna da aka buga a jarida, katin shaidar mijin, da takardar da ke nuna inda yake zaune. Mai ciki da mai goyo rajista kawai suke yi, ba a barin su kwana a sansani.

Alawus ba ya zuwa haka nan. Kowane wata sai ta karɓi takarda daga shugaban wurin da take aiki cewa tana zuwa, ta kai ofishin jami'in NYSC na ƙaramar hukuma a ranar da aka sa mata, ta dangwala yatsa. Akwai kuma fitar aikin gayya sau ɗaya a mako, da rajistarta daban. Wadda ta taho biki ko suna gida ranar tantancewa ta wuce ta, watan nan ba za ta ji ƙarar waya ba. Wadda ta yawaita fashi ana ƙara mata wa'adi, wadda ta gudu kuwa sai ta maimaita shekarar. Don haka iyaye su daina kiran yara gida a kan kowace hidima. Sai asusun banki: in sunan da ke kai ya saɓa da na hukumar, ko lamba ɗaya ta kuskure a fom, kuɗin sai ya maƙale, a yi ta zarya.

Da alawus na farko ya shiga sai ta kira. "Gwaggo, Baba ya ce in riƙa turo mashi rabi, damina ta matso ga maganar taki." Muryarta ba ta mai ƙorafi ba ce, so take ta yi. Na ce ta kyauta wa iyayenta, albarka ake nema, amma rabi ya yi yawa. Daga kuɗin nan za ta ci, ta hau mota, ta sayi kati, kuma ranar da aka miƙa mata takardar sallama ya yanke ke nan. Muka zauna da uban aka tsara: 20,000 adashi, wanda a shekara zai ba ta 240,000, 10,000 gida, sauran na cinta da zirga-zirga. In makarantar da take koyarwa ta ƙara mata wani abu, shi ma ya bi adashi. Abin da aka tara shi ne kuɗin fom ɗin digiri na biyu, ko jarin sana'ar da ta fara koya a shirin koyar da sana'o'i na hukumar, wato SAED, tun a sansani. Na ga gidajen da aka cinye alawus tas a cefane da kayan ɗaki, yarinya ta dawo da takarda babu kuɗin motar zuwa ganawar neman aiki.

Uban bai ji daɗi ba da farko, ya ce, "Yaya, ke dai kullum bayanta kike." Na tuna masa cewa ƙannenta mata biyu suna kallo, kuma yanzu ita ke koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata ta ƙauye, inda iyaye suka fi sakin jiki in malama mace ce a gaban allo. Ya amince da goma, har ya ce watan da ba ta da hali ta bari.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ji yadda aka yi da maganar masauki a ƙauyen da aka tura ta, da wanda ya zo neman aurenta tana tsakiyar bautar ƙasa.